Faifan Kwamfutar Ofishinmu

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani ofishin aikin gona a Funtua. Don buga tafireta aka ɗauke ni, amma da Baturen da ya kawo mana kwamfuta ya ga hannuna da sauri, sai ya zaunar da ni gabanta, ya koya mini abin da ya samu kafin kwangilarsa ta ƙare. Ya tafi ya bar mu da ita, akwatin ƙarfe mai launin toka da allo mai koren rubutu, a wani ƙaramin ɗaki da ba kowa ke shiga ba. Ko a lokacin ma ta tsufa. A cikinta muke ajiye bayanin gonakin gwaji, irin masara da audugar da aka shuka a kowace gona, tun daga Tsiga har Mahuta.

Mu biyu ne ke riƙe da makullin ɗakin, ni da Baba mai shara. Dattijo ne siriri, mutumin wani ƙauye kusa da Tsiga, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin. Ni Kirista ce, shi kuwa Musulmi ne, ba ya ƙetare salla, amma “’yata” yake ce mini, kuma duk ranar kasuwa sai ya ajiye mini gyaɗa a kan tebur. Tsoron kwamfutar yake ji. Idan zai share ƙarƙashinta, sai ya miƙa tsintsiya daga nesa kamar mai korar maciji.

Ruwan farko na shekarar ya zo da tsawa da rana tsaka. Wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, na ji wani abu ya yi ƙas a cikin akwatin. Da na sake kunna ta, layi ɗaya kawai ta rubuta a kusurwar allo, ta tsaya. Ban firgita ba. Baturen ya gaya mini cewa idan haka ta faru, tsarin da ke tafiyar da na’urar ne ya lalace, kuma akwai faifan da ta zo da shi, wanda ake sa mata a sake girka tsarin. Yana cikin wani ambulan a durowar ƙasa.

Na buɗe durowa, na ɗauko ambulan. Tun kafin in leƙa na ji rashin nauyinsa a hannuna. Babu komai a ciki.

Na zazzage durowar, na duba bayan kabad, na ɗaga ledar ƙasa. Da na rasa yadda zan yi, na je na sami Manaja.

Manajan namu ba mugu ba ne, amma lokacin na soja ne. Rediyo kullum cikin sanar da korar ma’aikata take, kuma ɓatan kayan gwamnati ba abin wasa ba ne. An riga an aiko cewa masu bincike za su zo daga hedikwata kafin damina ta yi nisa. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga kai daga takardunsa ba.

“Wa ke da makulli?”

“Ni, Yallabai. Sai Baba mai shara.”

Ya sa aka kira Baba. Tsohon ya shigo ya durƙusa, hula a hannu. Manaja ya tambaye shi ina faifai. Baba ya dube ni, ya dubi Manaja.

“Ranka ya daɗe, faifai kuma? Na rufe ƙwarya?”

Babu wanda ya yi dariya. Na ce, “Yallabai, Baba bai ma san kamanninsa ba.”

Sai a lokacin Manaja ya ɗago ya kalle ni sosai. “To ke kin sani,” in ji shi, a hankali. “Ki yi tunani kafin ki ƙara magana, Malama.”

Washegari ’yan sanda suka zo suka tafi da Baba. Ina tsaye a baranda aka wuce da shi. Tsintsiyarsa na nan jingine a bango inda ya bar ta, ta yi kwanaki babu wanda ya taɓa.

Ofishin ya canza. Idan na shiga wuri, sai hira ta mutu. Waɗanda muke cin ƙosai tare da safe suka koma gaishe ni daga bakin ƙofa. Manaja ya tura direba Kaduna ya nemo wani faifan, ya dawo da ɗan ƙarami mai tauri, irin na sababbin na’urori. Tamu kuwa faffaɗa take ci, baƙi, mai laushi kamar kwali. Ko bakinta wannan bai dace da shi ba. Direban ya ce masu sayarwa dariya suka yi masa, suka ce irin tamu an daina yayinta, ko an juye sabon tsarin a faffaɗan faifai ba za ta iya ɗauka ba.

Manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa. “Idan na’urar nan ta tashi kafin masu bincike su zo, babu magana, ni da kaina zan sa a saki tsohon,” ya ce. “Idan ba ta tashi ba, mutum ɗaya ba zai ishe su ba. Kin gane?”

Na gane.

Ranar Lahadi bayan coci na gaya wa kawuna, wanda ke ba da magani a wani asibitin mishan a wajen Malumfashi. Ya ce ya taɓa ganin akwati irin wanda nake kwatantawa a ofishin wata tsohuwar Baturiya, Sista ce ta coci, ita ke kula da ɗakin magani. Bai san ko iri ɗaya ba ne. Ya ce in zo in gani da idona.

Na shiga motar haya da sassafe. Hanya duk manoma ne duƙe suna shuka, ƙasa ta yi baƙi da danshi, hadari na haɗuwa ta gabas. Ban ji daɗin ganin komai ba. Ina ta tunanin Baba, wanda ko kujerar ofis bai taɓa yarda ya zauna a kai ba, yanzu yana kwance a siminti cikin ɓarayi.

Sistar ta daɗe a ƙasar, Hausarta ta fi ta wasunmu tsabta. Na’urarta tamkar tamu ce, har launin. Amma da na roƙi aron faifan, sai ta girgiza kai.

“Ba zai fita daga ɗakin nan ba, ’yata. Idan ya lalace a hanya, mu biyu ne muka rasa.”

Na ba ta labarin Baba. Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta buɗe akwati, ta ɗauko wani tsohon faifai nata, ta ce za ta share abin da ke kai ta juye mini tsarin. Ta gargaɗe ni kada in taɓa komai, domin idan aka juya faifan biyu baibai, nata ne zai goge. Muka zauna muna sauraron na’urar tana gurnani, ’yar jar fitila na kamawa tana mutuwa. Fankar sama ta rage gudu, wuta ta yi ƙasa, muka dubi juna. Sai ta dawo. Da aka gama, ta sa mini shi tsakanin kwali biyu, ta ce in kiyaye shi daga rana da ruwa, kada kuma ya lanƙwashe.

A hanyar komawa sojoji suka tare mu. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai jajayen idanu ya zazzage jakata, ya zaro faifan daga cikin kwalin.

“Mene ne wannan?”

“Na ofis ne, ranka ya daɗe. Na kwamfuta.”

Ya ɗaga shi sama yana leƙen rana ta ramin tsakiya. Ya ɗan lanƙwasa shi don ya ji ƙarfinsa. Babban yatsansa na dab da ’yar tagar faifan da ba a taɓawa. Na kasa roƙonsa, don na san in na nuna damuwa zai ƙara riƙewa. Wani direba a bayanmu ya danna oda bisa kuskure, sojan ya juya a fusace, ya jefa mini faifan a ƙirji ya nufi can. Na cafe shi da hannu biyu. Ruwa ya fara ɗigowa kafin mu koma mota, na tura faifan cikin rigata har Funtua.

Manaja na tsaye a bayana lokacin da na sa faifan. Na’urar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake. Sai rubutu ya fara gangarowa a allo. Kafin la’asar na gama girka tsarin. Wasu bayanan gonakin sun tafi, sai daga baya na sake buga su daga takardun malaman gona, amma ta tashi. Manaja ya zauna a kujerata ya rufe fuska da hannu, yana ta hamdala. Ya cika alkawari, a ranar ya tura mota a ɗauko Baba.

Baba ya dawo yana jan ƙafa ɗaya, da tari mai zurfi wanda bai tafi da shi ba. Ya gaishe da kowa har ƙasa, har da Manaja. Ya ajiye makullinsa a tebur, ya ce jiki ya gaji, zai koma gida. Ainihin faifan kuwa ba a taɓa ganinsa ba. Har yau ban sani ba ko wani ne ya ɗauka, ko Baturen ne ya tafi da shi cikin kayansa bisa mantuwa.

Da masara ta fara bunƙasa na je ƙauyensu in duba shi. Na same shi kwance a zaure, matarsa na yi masa fifita. Ya gane ni, ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Na ce masa kowa ya san ba shi da laifi. Ya ce ya sani, Allah ma ya sani. Sai ya tambaye ni wa ke yin shara yanzu, kuma ko an ba shi makulli. Na ce an ba shi.

“Ki ce masa ya mayar,” in ji shi.

Bai ga ƙarshen kaka ba. Wani malamin gona ne ya kawo mana labarin rasuwar, ana cikin cirar auduga, bayan an riga an yi bakwai.