Gaɓar Takandar da Na Sha

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallar bana, Malam Idi mai walda, mutumin Maraɗi, ya tsayar da motarsa a ƙofar garejinmu na unguwar Glenwood, nan ƙasar waje da muke zaune, ya sauke ƙarafa. Mazauni nake so ya yi wa injin da nake niƙa wa mutanenmu gero da shi, don teburin katakon da yake kai, da na kunna sai ya kama rawa har ɗaliban da ke haya a maƙwabta su leƙo. Ya zaro tef ɗin awo ya ce, "Hajiya, tsayin da ake yi wa kowa zan yi miki." Na ce, "Ni ba kowa ba ce, Malam. Dakata da yankan nan tukuna." Ya yi dariya. Bai san abin da ya tono mini ba.

Ina 'yar shekara takwas Inna ta samu injin markaɗe. A rumfar tsakar gida aka girke shi, kan tsofaffin tayoyi biyu da wani faffaɗan katako. Tun hantsi ake jera kwanonin wake da tattasai, ni ke karɓa, ni ke jan ruwa a rijiya, ni ke wanke bakin injin in an gama. Sa'o'ina na wucewa da jakar makaranta ina leƙensu ta zaure. Ban riƙe fensir ba sai da na yaye ɗana na huɗu a ƙasar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Injin nan kuwa tafiya yake yi. In ya ɗau zafi sai ya riƙa jan gindi a hankali har ya dangana da bango, Inna na biye da shi a duƙe, hannu ɗaya na tura wake, ɗayan na dafe da ƙugu, ga tsohon ciki. Da kaka, ciwon baya ya kwantar da ita kwana biyu, sai Iya, mahaifiyar Baba, ta yanke hukunci: "In ta ƙara duƙawa a kan abin nan, a sayar da shi." Na dubi Inna, na ga idonta. Duk gidan, injin nan kaɗai ake cewa nata.

Baba mai walda ne a bakin tasha, mutum marar yawan magana. Ban taɓa jin ya kama sunan Inna ba, ita ma haka. Sai "a ce masa", "a ce mata", ni ce 'yar aike ko da suna zaune a tabarma ɗaya. Ya yi niyyar yi wa injin mazaunin ƙarfe daidai tsayinta, amma ya tsayar da ita a gaban uwarsa ya auna ta? Kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya kira ni zaure, ya miƙo mini takandar da ya karyo a gona, ya ce, "Hanne, in uwarki ta miƙe tsaye, jingina wannan a gefenta ki karya daidai gwiwar hannunta. Kada ta sani."

Tana shanya na yi, ina wayancewa kamar wasa nake. Sai dai tasha da nisa, rana ta take, ga takanda a hannu. Na sha gaɓa ɗaya. Na ce a raina, wa zai ƙirga?

Ƙarfen na bodin wata tsohuwar mota ne da Baba ya daɗe yana ajiya, iyakarsa ke nan. Ya aza takandar, ya zana da alli, ya yanke ƙafafu huɗu da zarto, ya ɗana su da walda, ina rufe ido da hannu don tartsatsi. Da ya tsayar da abin sai ya ja baya ya daɗe yana kallo. Ya matso ya gwada shi da cinyarsa. Sannan ya dubi bakina.

"Uwarki ta rage tsawo ne, Hanne?"

Na fashe da kuka na faɗi gaskiya, ina jiran duka. Bai ko ɗaga murya ba. Bai kuma tambaye ni tsawon gaɓar da na sha ba. Yatsunsa huɗu ya jera a kan wani guntun bututu mai kauri, ya yanko guda huɗu, ya liƙa a ƙarƙashin kowace ƙafa, ya yi musu faffaɗan tafi, ya gitta ƙarfe tsakaninsu. Sai da na girma na gane: mutumin da ban taɓa kama shi yana kallon Inna ba ya san tsayinta har yatsa. Aiken da ya yi mini, don dai a ce an auna ne.

Da aka ɗaure injin da notuna, Baba ya ɗora kwanon ruwa a kai ya ja igiya. Ruwan ya yi ta karkarwa, ko ɗigo bai zuba ba. Inna ta matso a miƙe, hannunta ya sauka daidai bakin injin. Baba na tsaye taku biyu da ita, amma ni ta duba. "A ce masa ya yi daidai." Shi kuma ya dubi bango. "A ce mata na ji." Iya ba ta sake tayar da zancen sayarwa ba.

A garejin nan 'yata Zainab ce ta auna ni, a fili, tana faɗin lambar da Turanci, ni kuma na karɓi tef ɗin na karanta da kaina na rubuta wa Malam Idi. Na sa shi ya yi wa ƙafafun faffaɗan tafi. Aiki ya yi kyau, injin ko motsi ba ya yi. Alhajina ya leƙo ya sa albarka, bawan Allah, ko lambar takalmina bai sani ba. Da suka watse na ɗora kwanon ruwa a kai na kunna, na tsaya ni kaɗai ina kallon karkarwarsa.

Yau babu lambar da ba na karantawa a tef. Mai sanin tsayina da ido ne ban ƙara gani ba.