Ranar da na kai teburin gwaji bakin kogi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe safiyar da na ɗora teburin asibiti a kan amalanke na nufi bakin kogi ba.

Lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti a fadamar Haɗeja. Kayan gwajin cuta mai karya garkuwar jiki a ɗakin awon ciki muke ajiye su, kuma wane namiji ne zai cire kunya ya shiga ɗakin awo? Don haka duk wanda aka samu da ciwon a garin, mace ce. Har maza suka raɗa masa suna ciwon mata. Mu da kanmu muka ɗaure wa wannan ƙarya gindi ba mu sani ba.

Wata yarinya mai cikin wata biyar ce ta farkar da ni. Da gwaji ya nuna tana da ciwon, ta gaya wa mijinta, shi kuwa masunci ne mai zafin kai, ya ce ta tafi gidansu, kuma kada ta ƙara taka asibiti da aurensa a kanta. Ta ce mini, "Malama, in na daina shan maganin, abin da ke cikina fa?" Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san amsar.

Na nemi izinin sarkin ruwa, na kafa tebur da ɗan labule inda masunta ke sauke kifi. Babu wanda ya matso, sai dariya. Wani ya ce, "Malama, mu ma awon cikin za a yi mana?"

Na ce, "Ku da ƙayar kurungu ke soka kullum, ɗan tsinken nan kuke tsoro?"

Sai na hango maigidana, manomin shinkafa da ko gaisuwa ba ya tsawaitawa, ya taho daga gona da taɓo har gwiwa. Ban roƙe shi ba. Ya zauna ya miƙa yatsa, ya ce, "Fara da ni. Jinin da ake ɗiba a jikin matanmu bai fi namu araha ba." Wallahi tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Sarkin ruwa ya bi bayansa, kafin hantsi layi ya kai har wurin masu bandar kifi.

Mijin yarinyar ne ya zo ƙarshe, bayan an watse. Abin da na gaya masa a bayan labule amana ce, ba zan faɗa ba. Da ya ji, sai ya ce, "Na zalunce ta, ko?" Na ce, "Biko bai ƙare ba."

Da damina ambaliya ta yanke hanya. Ina tsaye a ƙofar asibiti na hango kwalekwale, masuncin yana tuƙi, yarinyar tana zaune da tsohon ciki, sun zo karɓar magani. Ɗiyar da ta haifa lafiyarta ƙalau, bara ta shiga firamare.

Abin da na koya shi ne, ciwo ba ruwansa da hula ko ɗankwali. In ka auna masu ɗankwali kaɗai, su kaɗai za a tsine wa.