Gurbin Orval a Sahun Masu Tuba

A garinmu, nan tsakiyar Texas, ba sai ka tambayi mutum ko ya taɓa zama ɗan badujalar jami'ar garin ba. Bari kawai ya miƙe zai tafi. In ka ga ya fara jefa ƙafar hagu, ƙirji a gaba, wuya a sandare, to nasu ne. Orval Hruska kuwa ya fi kowa wannan ciwo. Har gobe matarsa Lurleen tana ba da labarin ranar aurensu, yadda ya fizge ta daga gaban fasto da dogon takun nan nasa, tana sassarfa cikin farar riga tana cewa, "Orval, don Allah, ba fareti muke yi ba!"

Ɗan manomin auduga ne, kuma noma da kiwo ya zo karanta. A zamaninsu duk ɗalibin jami'ar kaki yake sawa, a bariki yake kwana, begila ke tashinsa da asuba. A makonsa na farko wasu 'yan ajin ƙarshe, masu takalma dogaye har gwiwa, suka tare shi suna auna kafaɗunsa da ido.

"Kai sabon shiga, ka iya busa?"

"A'a, yallaɓai."

"Buhun iri fa, kana iya ɗauka?"

"Har biyu, yallaɓai."

Shi ke nan, suka rataya masa tuba, ƙatuwar begilar nan da ke naɗe mutum, bakinta a wangale saman kansa. Busa daga baya ya koya, kuma a gaskiya bai taɓa zama gwani ba. Amma taku, kai! Nan Allah ya ba shi.

Dokar badujala ba ta da yawa, sai tsauri. Tsawon taku ɗaya ne ga dogo da gajere, ba a ragewa ko da takalmi ya cire. Ba a duban ƙasa, ba a waiwaye. To da me mutum zai san yana kan sahu? Da wutsiyar ido. Ka riƙe kunnen wanda ke damanka, in kunnen ya yi gaba ka makara, in ya ɓace gaggawa ka yi. Na daman Orval shi ne Delmer Pruitt, wani siriri mai tsiwa daga gabar teku. Orval yakan ce da za a kawo masa kunnuwan duniya a tire, zai tsamo na Delmer, amma fuskarsa sai ya yi tunani.

Akwai kuma al'adar gurbi, wadda ta girme su duka. An ce bayan babban yaƙin duniya, da waɗanda suka dawo suka jeru a filin atisaye, kowa ya tsaya inda ya saba tsayawa, sai ga ramuka a sahu, wuraren waɗanda suka mutu a yaƙin. Shugaban fareti ya ce a matso a cike. Ba wanda ya motsa. Haka suka yi macin ranar da ramukansu, kuma daga nan abin ya zauna. Duk shekara, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa su shiga fili a hutun rabin lokaci na wasan ƙwallo, wanda ya rasu a shekarar ana bar masa gurbinsa, jama'a kuma su tuɓe hula in gurbin ya zo wucewa. Wanda yake da rai bai zo ba, wannan ba shi da alfarma. Na bayansa ya matso, a cike, an wuce wurin.

Orval ya gama karatu ya koma gonar ubansa, tafiyar rabin yini daga garinmu. Ya bar auduga ya kama shanu, ya aurar da 'ya'ya mata, ya yi furfura. Bai taɓa tsallake ranar nan ba. Ya zo da hannu a ɗaure shekarar da bijimi ya maka shi da ƙofar garke. Ya zo shekarar da ruwa ya cinye gada, ta wata hanya da ko barewa sai ta yi shawara. Shi da Delmer ba sa waya, ba sa ziyara. Sau ɗaya a shekara suke haɗuwa, su zagi juna, su yi maci, su ci gasasshen ƙirjin saniya da wake a bayan akori-kura, kowa ya kama gabansa. Ni dai ban taɓa gane irin wannan abota ba, amma ta fi wasu da na sani ƙarko.

Sai bara, da bazara, ya faɗi a bakin rijiyar shanu. Shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce, mai sauƙi. Baki ya dawo, hannu ya dawo. Ƙafar hagu ce ta ƙi. Duk cikin ƙafafun duniya, sai ita! Yana ɗaga ta sai ta yi rabin hanya ta sauka tana jan ƙasa.

Ya hana Lurleen gaya wa kowa. Kullum da safe yakan fita bayan rumbun ciyawa, inda yake zaton ba ta ganinsa, ya gwada takun. Tana kallonsa ta tagar kicin, tana wanke kofi ɗaya har ya kusa hujewa. Da kaka ta matso ya daina fita. Ya goge tubar, ya mayar da ita akwatinta, ya tura ƙarƙashin gado.

"Bana ba zan yi ba," ya ce. "Ba zan je in karya musu sahu ba."

"To mu zauna a gida."

"A'a. Za mu je. Ina so in ga wanda zai matso."

Abin da ke cin ransa ke nan, kuma bai ɓoye ba. Yana tsoron ganin wani a gurbinsa, yana kuma jin in bai gani da idonsa ba, ba zai taɓa yarda ya ƙare ba. Har ya fara zato. Ko mai tumbin nan da ke bayansa, wanda ke haki kafin a kai tsakiyar fili?

Suka taso tun duhu-duhu. Ya sa malafarsa ta kiwo ya jawo ta har gira, suka sayi tikiti kamar baƙi, suka zauna a layin ƙasa kusa da matakala saboda ƙafar. Abin da bai sani ba shi ne, da safen nan tsofaffi sun jeru a filin atisaye, an ga wurinsa fayau. Aka jira. Aka buga wayar gidan gona, tana ta ƙara ba mai ɗauka, don Orval bai yarda da wayar aljihu ba. Wani ya ce ƙila mota ce ta lalace. Delmer ya ce da mota ce da ya iso a kan saniya. Wani ya ce ƙila ba shi da lafiya. Delmer ya ce, "Kun san mutumin nan kuwa? In Orval yana numfashi, yana nan." Ba wanda ya iya musa wannan. Mutane masu digiri, har da tsohon alƙali a cikinsu, suka sunkuyar da kai suka yi masa addu'a.

Aka tafi hutun rabin lokaci. 'Yan badujala na yanzu suka yi nasu, sumul, sannan ganguna suka canza, tsofaffi suka shigo cikin fararen riguna. Orval ya miƙa wuya yana ƙirga sahu da leɓe. Masu begila suka wuce, masu ganga suka wuce. Ga bakunan tuba suna walƙiya. Ga Delmer.

Hagun Delmer babu kowa.

Mai tumbin yana nan a bayansa, bai matso ba. Ramin yana tafiya da su, daidai faɗin mutum ɗaya, kamar haƙorin da aka cire. Sai huluna suka fara sauka, layi bayan layi. Wani ƙato da ke zaune kusa da Orval ya tuɓe tasa ya dafe ƙirji, sannan ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Baba, hularka mana. Ba ka ga gurbi ba?"

"Na wa ne?" Orval ya tambaya.

"Oho. Wani tsoho dai. Allah ya jiƙansa."

Lurleen ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba. Orval ya tuɓe malafar a hankali, ya dube ta, ya dubi fili. Ya zo da shirin baƙin ciki iri ɗaya, sai ya tarar da wani abu daban. Ashe mutanen nan sun fi yarda ya mutu da a ce ya ƙi zuwa.

Ya aza mata malafar a cinya ya dafa ƙarfen matakala.

"Ina za ka, Orval?"

"Zan je in ga gawar."

Kafin ya gama saukowa, sahun ya kai ƙarshen fili ya juyo, yana biyo gefen da yake. Mai gadin ƙofa ya buɗe baki zai yi magana, ya ga yadda tsohon ya sandare wuya, ya matsa. Orval ya tsaya a bakin farin layi yana jiran ganga. Da ramin ya zo daidai shi, ya jefa ƙafar hagu. Ta yi rabin hanya ta sauka. Ya shiga duk da haka, ba tuba, ba farar riga, da takalmin garke.

Delmer bai waiwayo ba. Ba a waiwaye. Sai dai busarsa ta tsinke, tubar ta yi wani kuka kamar maraƙi. Ya janye leɓe kaɗan daga bakinta, ido na gaba, hawaye na gangara cikin kwalar riga.

"Tsohon banza. Na riga na yi maka kuka."

"Na gani. Ba ka iya ba."

"Me ya sami ƙafar?"

"Ta yi ritaya."

"To rufe mana baki. Hagu. Hagu."

Orval ya san abin da zai biyo baya, don ya gwada shi sau ba adadi a bayan rumbu. Taku kaɗan, kunnen zai yi gaba, na baya su ci karo da shi, ya karya musu sahu a gaban dubban mutane riƙe da huluna. Ya cije leɓe, ya kafa ido a kan tutar da ke can ƙarshen fili, yana jan ƙafar yana jira. Ganga na bugawa yadda take bugawa. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya juya kai, sai dai takun kowa ya gajarce. Amma bai ji kowa ya taka masa diddige ba. Ya ƙara taku, ya ƙara, har ya ga sahun da ke gabansu ya daina nisa.

Sai ya duba da wutsiyar ido. Kunnen Delmer yana nan inda ya saba.