Dodon Tukunya Mai Yaren Ƙauyenmu

Ƙanena Katsutoshi ya bar ƙauyenmu yana saurayi, da akwati ɗaya da baki cike da alkawari. Wai zai je Tokyo ya zama jarumin fim, irin wanda mata ke suma in ya ɗaga gira. Ni Tomiko, yayarsa, ina kan tsani ina tsinkar tuffa ya zo sallama, ko saukowa ban yi ba. Na ce ya gaishe min da masu suman.

Abin da ya fara zubarwa a Tokyo yarenmu ne. Mu mutanen yankin Tsugaru, can arewacin Japan, sanyi ya hana mu buɗe baki sosai, maganarmu a dunƙule take fita, ɗan birni in ya ji sai ya ɗauka wani abu muke taunawa. An yi wa Katsu dariya sau ɗaya a shagon taliya, shi ke nan ya wanke harshensa tas. Ko a jana'izar mahaifiyarmu da yaren masu karanta labarai ya karɓi gaisuwa. Abin ya ƙona min rai, kuma ban ɓoye masa ba.

Jarumtar dai ba ta samu ba. Hanci ya yi faɗi, tsawo bai kai ba. Ya ƙare a aikin ara wa zanen katun murya, shi ma ba manyan ba: ɗan sanda na biyu, kare mai haushi, mutumin da mota ta kusa bankewa. Yana nan a haka har furfura ta fara leƙowa, sai aka kira shi wani fim ɗin zane na soyayya da barkwanci, labarin yaro da yarinya 'yan makaranta da ke son juna amma kowa na jiran ɗayan ya fara faɗa. A gidan yarinyar akwai wani ɗan dodo da ya faɗo daga wata duniyar ya tare a cikin tukunyar shinkafa ta lantarki. Kore ne shar, ido uku, sunansa Gonbura. Aikinsa kawai ya ɗaga murfi, ya yi surutun da ba mai ganewa, a yi dariya, ya koma.

Ba a rubuta wa Gonbura ko kalma ɗaya ba. Daraktan ya kira shi da sunan gidanmu ya ce, "Kasai-san, faɗi duk abin da ya zo bakinka, in dai ba yaren mutane ba ne."

Katsu ya tsaya gaban abin ɗaukar magana, kansa ya kulle. Ɗakin kuma da sanyi. Sai ya matse murya kamar ɓeran da aka taka wa jela, ya ce da yarenmu, "Ku rufe ƙofar nan, ƙafata ta daskare!"

Daraktan ya miƙe yana tafi. Wai bai taɓa jin abin da ya yi kama da maganar wata duniya irin wannan ba. Ka ji fa, yaren da uwarmu ta yi renonsa da shi.

Fim ya karɓu, aka yi shekaru ana yi. Tashar talabijin ta yankinmu ba ta nuna shi, a ƙauyen kuma tsofaffi ne suka rage, don haka Katsu ya saki jiki. Duk abin da ya haɗiye tun barinsa gida, ta bakin dodon nan ya amayar da shi. Bai san cewa tashoshin karkara tsofaffin kaya suke saye da araha ba. Bayan an gama fim ɗin da daɗewa, sai ga shi an fara nuna mana duk yammacin Lahadi.

A zauren gidan wankan ruwan zafi abin ya fashe. Baba Genzo, tsohon da ke gyara mana tsani, yana zaune da tawul a ka yana shan madara, sai koren abu ya ɗaga murfi ya ce, "Tomiko mai bakin almakashi, tuffa ma don tsoronta take nuna!" Madarar ta fito masa ta hanci, don nan take ya gane Katsu ne. Kafin Lahadi ta zagayo, zauren ya cika har bakin ƙofa. Ba wanda ya damu da yaron da yarinyar, su ƙarata can. Dodo muke jira.

Ya zagi kansilanmu. Ya tona wanda ya saci kankanar mai kula da wurin bauta tun muna yara. Ni kuwa kusan kowane mako sai na sha rabona, ana dariya ana kallona, ina cije baki. Sai wata Lahadi, yaron fim yana in'ina a gaban yarinyar, dodo ya leƙo a hankali ya ce, "Chizuko, har yau in na ga jan gyale a tashar jirgi sai na bi shi da ido."

Kowa a zauren ya juya ya kalli Chizuko. Chizuko maƙwabciyata ce, gonarta na jikin tawa, ajinsu ɗaya da Katsu. Tun suna makaranta yake sonta, bai taɓa buɗe baki ba, har ta auri Masaharu mai tuƙa motar tuffa. Lokacin da Katsu ya yi wannan magana Masaharu na raye garau. Lokacin da ta iso mana kuwa, mun binne shi tun hunturun bara.

Daga nan dodo ya daina jin kunya. Yau ya ce ya yi mafarkinta, gobe ya ce bai yi aure ba saboda ita. Jibi kuma, "Me kika gani a jikin Masaharu? Fuska kamar dafaffiyar kabewa!" Mutane na son yin dariya, suna tuna mutumin ya mutu, sai su ɓige da tari. Chizuko kuwa kowace Lahadi tana layin gaba, hannu a cinya, fuskarta ba ta nuna komai.

Na ce zan kira shi in wanke shi tas. Ta riƙe min hannu.

"Yaya Tomiko, kada ki kira shi. Bar shi ya gama."

A watan Agusta ya zo bikin tunawa da mamata, da kwat da hular birni, bai san komai ba. Direban tasi ya kalle shi ta madubi ya ce, "Katsu, ya ƙafar? Ta daina daskarewa?" Ya iso gida fuska fara fat. Na zuba masa shayi, na karanta masa laifinsa ɗaya bayan ɗaya, na ajiye na Chizuko a ƙarshe.

"Ta ji?"

"Har da kabewar."

"Yaya, jirgin yamma bai wuce ba, ko?"

"Takalmanka suna inda ba za ka gan su ba. Tashi mu je."

Da silifas ɗin banɗaki na tasa shi gaba. A hanya sai tausayinsa ya kama ni, don na gane ba kunya kaɗai ke damunsa ba. Tsoho da shi, har yanzu sonta yake, kuma yau za a yi ta ta ƙare.

Chizuko ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Ta kai mu gaban ɗan akwatin katakon da hoton Masaharu ke ciki, ta kunna turare, ta nuna masa tabarma.

"Ba ni ka zaga ba. Ga shi nan, ba shi haƙuri."

Katsu ya durƙusa, goshi a ƙasa, ya fara zuba ban haƙuri da yaren Tokyo, mai santsi, irin na ma'aikacin banki. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Bai gane ba," in ji ta. "Masaharu bai taɓa fita daga jiharmu ta Aomori ba. Yi masa da namu."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake gwadawa, ba abin da ya fito. Ashe ya daɗe da rasa hanyar yarenmu sai ta maƙogwaron dodo. Can sai ga muryar ɓeran nan ta cika ɗakin, daga bakin mutum mai furfura da kwat.

"Masaharu, ka yafe min! Baƙin ciki ne ya sa ni. Ka fi ni, kai ka iya buɗe baki ka tambaye ta. Yanzu kuma, in ba za ka ji haushi ba, ina neman izininka."

Na toshe baki da hannun riga, ban san ko dariya nake ko kuka ba. A waje na ji Baba Genzo ya faɗo daga kan wani abu, ashe rabin ƙauyen na jikin taga.

Chizuko ta kara kunne kusa da hoton, ta yi shiru kamar mai sauraro, tana gyaɗa kai.

"Ya ce maganar kabewa ba ƙarya ka yi ba, ya yafe. Ɗaya maganar kuma ya ce ba ruwansa, ni za ka tambaya." Ta rufe ƙofofin akwatin a hankali, ta juyo. "Amma ni ba na hira da abin da ke kwana a tukunya."

Katsu ya gyara zama. Sannan ya yi gyaran murya, ya ɗago. Abin da ya fito murya ce mai kauri, a dunƙule, irin ta mahaifinmu, wadda ban ƙara ji ba tun muna yara.

"Chizuko. Ina sonki. Za ki aure ni?"

Idonta ya ciko. Ta share da bayan hannu, cikin faɗa, kamar hayaƙin turaren ne ya yi mata laifi.

"To. Amma ba zan je Tokyo ba."

"Ni ma," in ji shi.