Sharhabil Mai Filashi a Wuya

Sharhabil wan matata ne, don haka abin da zan faɗa a kansa na daɗe ina haɗiye shi. A gida Yaya nake ce masa, in russuna in gaishe shi. A ofis kuwa Injiniya ake kiransa, sunan da shi ya raɗa wa kansa, babu makarantar da ta ba shi.

A Unguwar Sarki aka haife shi. Mahaifinsu, Malam Sanda, shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin sito a wata ma'aikatar gwamnati. Matata Nusaiba ta ce tun suna yara suke ganin manyan ma'aikata suna zuwa har ƙofar gida gaishe da tsohon, don kawai washegari ya fito musu da takarda da biro a kan lokaci. Allah ya jiƙan Malam Sanda, bai taɓa hana kowa haƙƙinsa ba. Amma darasi ɗaya tak ɗansa ya ɗauka a wurinsa: mai makulli shi ake gaisarwa.

Da ya gama sakandare sai ya kama aiki a wani shagon intanet a Kurmin Mashi, yana goge kwamfutoci yana sake zuba musu manhaja. A nan iliminsa ya tsaya, kuma bai sake motsi ba har yau. Daga can ya samu shiga ƙaramin kamfanin Hajiya Mardiyya a Unguwar Rimi, inda muke rubuta manhaja ga makarantu da shaguna, muna kuma koyar da matasa sana'ar. Shi ya kai ni wurin bayan na auri ƙanwarsa, kuma ko na yi niyyar mantawa yakan tuna mini.

Aikinsa shi ne shirya kwamfuta. Kafin mai rubuta manhaja ya rubuta ko layi ɗaya, sai an zuba masa babbar manhajar da zai yi rubutu a ciki, sannan a liƙa mata ƙananan mataimaka da muke kira filogin. Kowane filogin yana da sigar manhajar da ta dace da shi. Ka haɗa tsoho da sabuwar manhaja, su yi ta faɗa kamar sabon ƙarfe da tsohuwar ƙusa mai tsatsa. Sharhabil ya tara nasa a cikin filashi ɗaya, ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, tun lokacin da data ke wuyar samu, ya ɗaura masa koren zare ya rataya a wuya kamar laya. Kwamfuta ɗaya sai ta ci masa kwana biyu. Yana yi yana kare allon da kafaɗa kada wani ya ga inda ya danna, kai ka ce wani babban sirri ne, alhali rabin lokacin shi ma laluben yake. Kuma ba a taɓa samun kwamfuta biyu da ya shirya iri ɗaya ba. Idan ka kai ƙorafi amsarsa ɗaya ce: “A tawa dai yana aiki.” Sabon ma'aikaci kuwa sai ya iya gaisuwa, ya yabi Injiniya, kafin filashin ya sauko daga wuya.

Sai Ruth Barnabas ta zo. 'Yar Kudancin Kaduna ce, iyayenta malaman makaranta, ta iya aikin kuma ba ta da surutu. Hajiya ta ɗauke ta gwaji na wata uku, ta ce mata a gabanmu: akwai matasa arba'in da wata ƙungiya za ta kawo horo, idan ranar buɗewa ta tafi lafiya za a tabbatar da ita, in ba haka ba sai haƙuri.

Kwana huɗu tana zaune gaban kwamfutar da babu komai a ciki, saboda “ina kwana, Malam Sharhabil” kawai ta ce, ba ta haɗa da Injiniya ba. A rana ta biyar ta daina jira. Ta zauna ta rubuta sikirif, wato jerin umarni da kwamfuta za ta bi da kanta. Layi ɗaya za ka buga, ka tafi ka yi alwala, kafin ka idar da salla komai ya zauna. Kuma ta yi tunanin data: sikirif ɗin yana fara duba filashin Sharhabil, ya gwada kowane filogin da sigar manhajar. Wanda ya dace ya ɗauka, wanda bai dace ba ya rubuta sunansa da jan rubutu ya sauko da sabo daga intanet.

Ranar da ta nuna mana, jan layi bakwai suka jeru a allo. Sharhabil ya kumbura.

“Wato kayana ne ba su da kyau?”

“Ba haka ba ne, Malam. Sun tsufa ne kawai. Ai ba laifin kowa ba ne.”

“Shekara nawa ina wannan aikin, ke kina ina?”

Hajiya ta ce da sikirif ɗin za a shirya kwamfutoci arba'in na ɗakin horo, Sharhabil ya kula da zubawa tunda filashin nasa ne, ni kuma in taimaka masa.

Ranar Asabar da hantsi muna ɗakin mu biyu. Ya kwafi sikirif ɗin cikin filashinsa, ya buɗe, ya yi ta zare ido yana bin layuka da yatsa. Ba ya iya karanta shi, wallahi ba ya iyawa, amma ya gane wurin da jan rubutun ke fitowa. Ina tsaye a bayansa ya zaɓi wurin gaba ɗaya ya goge.

Na ce, “Yaya, wannan ne fa mai duba dacewa.”

Ya ce, “Cin data ne da rashin kunya. Miƙo mini kebul.”

Na miƙa masa kebul. Kwamfutoci arba'in suka haɗiye tsofaffin kayansa ba tare da jan layi ko ɗaya ba, ya fita yana taƙama yana cewa ga shi nan, dama ƙarya na'urar take yi.

Litinin matasa suka cika ɗaki, shugabannin ƙungiyar suna kujerun gaba. Ruth ta ce kowa ya buɗe darasin farko. Babu kwamfutar da ta buɗe. Wata ta daskare, wata ta watso saƙon kuskure. Ruth ta duƙa kan wadda ke kusa da ita, ta buɗe sikirif ɗin, na ga fuskarta ta canza. Cikin awa biyu ta gyara komai da kwafinta na asali, amma kafin nan baƙin sun tashi, ransu a ɓace.

Da la'asar Hajiya ta kira mu uku ofishinta. Sharhabil ya riga kowa buɗe baki, irin borin kunyar da ya ƙware a kai.

“Hajiya, ni dama na faɗa. Aikin da mutum zai yi da hannunsa a ce na'ura ta yi? Abin da ta ba ni shi na zuba.”

Ruth ta ce, “Hajiya, an cire wani sashe. Wanda na ba da ba haka yake ba.”

Kalmar sirri ɗaya muke amfani da ita duk ofis, wannan ma tsarin Injiniya ne, don haka na'ura ba za ta nuna wanda ya taɓa ba. Hajiya ta juyo gare ni.

“Ubaidu, kai kana wurin ranar Asabar. Ka ga an taɓa wani abu?”

A garinmu ba a tona wa wan mata asiri a gaban mutane. Na tuna Nusaiba, na tuna tsohuwarsu, na tuna zaman gida ranar Juma'a. Na kalli tayil ɗin ƙasa na ce, “Ban lura ba, Hajiya.”

Ba a tabbatar da Ruth ba. Hajiya ta ce ba ta zargin kowa, amma sharaɗi sharaɗi ne.

Sharhabil yana nan, ya ƙara ƙiba. Sikirif ɗin Ruth ake amfani da shi har yau, cikakkensa, da mai duba dacewar da komai, don ya ji jiki ya san ba a gogewa. Abu ɗaya ya ƙara, a layin farko: sunansa, da Injiniya a gaba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Filashin ma yana wuyansa, ko da yake babu abin da ake ɗauka a ciki yanzu. Na raina shi, ba zan ɓoye ba, raini irin wanda ba ya wankuwa. Kuma duk Juma'a yana zuwa gidana cin tuwo, ni nake zuba masa ruwan wanke hannu.

Ranar da Ruth za ta tafi na bi ta har bakin get, tana jiran Keke. Na fara kame-kame, ina cewa ta yi haƙuri, halin Sharhabil sai shi. Ta gyara jakarta, ta dube ni ba fushi ba murmushi.

“Malam Ubaidu, shi ai ban yi mamakinsa ba. Bai san abin da ya goge ba.”

Keke ya tsaya, ta shiga.