Ruwan tunfafiya a idon da nake gani da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ƙarshen damina ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa na samu kuɗi na guje ku, Allah ya amsa bakinku. Gaskiyar magana, makancewa na kusa yi.

Ga waɗanda ba su san aikina ba: duk kaka akan ɗauke mu aikin 'yan watanni, mu shiga dajin gwamnati da makiyayar dabbobi, mu haƙa rami mu duba irin ƙasar wurin, mu rubuta itatuwa da ciyayin da ke kai. Bana gefen Turba aka tura ni, ni da abokin aikina Malam Nomau.

Akwai abin da kaɗan ne cikinku suka sani. Idona na hagu tun ƙyandar ƙuruciya haske da inuwa kawai yake gani. Da na dama nake komai.

Mu masu wannan aiki, in muka tsinko ganye, sai mu kawo shi dab da ido mu leƙa shi da ƙaramin gilashi mai ƙara girma. Hannu ya saba, ba ya shawara da kowa. Ranar nan na karyo reshen tunfafiya mai fure, na kawo shi fuska. Farin ruwan nan nata ya fantsamar mini a idon dama.

Ɗan zafi ne kawai. Na wanke da ruwan gora, na murza da bakin riga, muka ci gaba.

Washegari na tashi kamar an shafa wa duniya koko.

Nomau ya goya ni a babur har asibitin garin Isa, ina ta murza idon a hanya. Can aka ce mu wuce Sakkwato. Kafin mu samu motar da ta yarda ta bi hanyar, idon ya kumbura, hawaye ba ya tsayawa.

A asibiti aka ɗiga mini wani ruwa, aka haska fitila, aka kankari idon don gwaji. Likita ta ce, "Malam, dahin ya ƙona baƙin idon, murzawar kuma ta buɗe gyambo. Za mu yi ƙoƙari, amma ba ni yi ma alkawari."

Na ji tsoro. Ban taɓa jin irinsa ba. Ba mutuwa nake tunani ba, tunanina wa zai riƙa ja mini sanda.

Aka kwantar da ni, ana ɗiga magani kowace awa. Maganin tsada gare shi, kuma aikin kaka ba ya biyan jinya. Tumakin matata Hassi ne suka tafi kasuwar Bafarawa. Da na yi magana sai ta ce, "Ai dama ɓarna sukai min cikin gida. Ka hutasshe ni."

Haka Hassi ta yi ta yi mini. Kullum da zolayarta. "Baban Nana, kai da ka leƙen haki awa mai neman allura, yau ga ka ko hura ba ka gani." In yi dariya har nas ta leƙo. Na riƙa ce wa kaina, matar nan dai zuciyarta dutse ce, kuma na gode Allah da hakan.

Amma sati na uku na karaya. Na daina cin abinci. Na ce wa Nomau ya nemi wani abokin aiki.

Ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo da ƙananan ledoji. Ƙasar ramukan da muka haƙa ce. Ya zuba kaɗan a tafina, ya ɗiga ruwa, ya ce, "Hwaɗa min, wace irin ƙasa ta wagga?"

A aikinmu da yatsa ake fara gane ƙasa, a jiƙa a murza. Na murza. Na ce jigawa ce, yashi ya fi yawa. Ya ba ni wata, ta yi danƙo ta miƙe tsakanin yatsuna. Na ce lakar fadama ce, ta bakin tafkin da Fulani ke shayar da shanu.

"To," in ji shi, "wa za ni samu da ya hi ka? Ci tuwonka."

Nas ta zo ta tarar da zanen gado duk taɓo. Faɗan da muka sha ba a magana. Amma ranar na cinye kwanona.

Gyambon ya fara haɗewa a hankali. Hazon ya riƙa raguwa: taga, sai ƙofa, sai mutum tsaye.

Wata safiya likita ta ɗaga marfin da aka rufe mini idon da shi, ta ce in karanta allon bango. Ban kai ga allon ba. Hassi na gani tsaye kusa da shi. Ta rame, wuyanta ya fito, idanunta sun kumbura sun yi jajir. Ashe duk zolayar nan, da kuka take yin ta. Ta san muryarta kawai nake da ita, shi ya sa ta hana ta rawa.

Na ce, "Hassi, haka kinka koma?"

Ta rufe fuska da gyale ta ce, "Likita, maida mai marhin nan." Sai muka fashe da kuka mu biyu, likita tana jira da allonta.

Yanzu ina gida. Akwai ɗan tabo, ina sa tabarau, amma da idona na rubuta wannan. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitoci da nas-nas, da Nomau, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata: manomi, makiyayi, mai saran itace, in ruwan tunfafiya ko aguwa ya shiga idonka, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ka daɗe kana yi. Kada ka murza. Kada ka bari a ɗiga maka wani haɗi. Ko babu zafi, ka nufi asibiti ranar.

In kuma kana kwance, mai jinyarka yana ta ba ka dariya, ka tambaye shi ko shi ya ci abinci. Ni ban tambaya ba sai da na gani.