Injin da Ya Tona Mini Asiri

Kwana uku ina ɓoye wa maigidana zazzaɓi, don kada ya hana ni zuwa sunan jikar yayata a Kaladan. Shi kuwa hankalinsa na kan wani ɗan inji da ya haɗa da gwangwanin madara, wai ɗumin tafin hannu kaɗai ke juya shi. Ya ɗora a hannunsa, ya tura faifan, abu ya tsaya cak.

Na ce, "Kawo nan, Malam, hannun naka ba jini."

Yana ɗora mini, faifan ya kama gudu. Ashe zafin zazzaɓina ne ke juya shi. Bai ko dubi injin ba, goshina ya taɓa.

"Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Sunan nan dai sai labarinsa na ji.